Winci na batir ko na haidirolik, waya ko igiya: amsa ga Alhaji mai Hilux

Assalamu alaikum. Alhaji ka tambaya cewa Hilux ɗinka mai ƙofa huɗu tana yawan kafewa a hanyar gonarka ta wajen Kura in damina ta yi nisa, kana so ka saka winci, wato na'urar da ke naɗe waya ta jawo mota daga inda ta kafe, a gabanta ka huta da jiran tarakta, amma an kawo maka magana biyu, wani ya ce na batir wani ya ce na haidirolik, sannan ga batun wayar ƙarfe da igiyar zamani. To bari in faɗi nawa, masu gareji in akwai gyara ku gyara min.

Kafin ma a je ga iri, ƙarfi ne farko. Ƙa'idar da masu ƙera winci ke bayarwa ita ce ka ɗauki nauyin motar da cikakken lodinta ka ninka sau ɗaya da rabi. Hilux da mutane da buhunan taki tana kai wa wajen tan 3, kaga kana neman abin da zai ja kilo 4,500 kenan. A jikin kwalin da fam suke rubutawa, 9,500 shi ne wajen kilo 4,300, 12,000 kuma wajen kilo 5,400. Ni a laka irin ta gonakin shinkafar Kura da Kadawa, wadda ke riƙe mota har ta zauna a kan cikinta, 12,000 zan ce ka ɗauka kar ka tsaya ciniki da 9,500. Kuma lambar nan da suke rubutawa ƙarfin naɗin farko ne, wato in ka warware wayar kusan duka, duk naɗin da ya hau kan wani ƙarfin raguwa yake, shi ya sa za ka ga mutum ya zaro mita uku kacal ya ɗaura yana ta zagin winci wai jabu aka sayar masa.

Na batir ɗin, ɗan inji ne na lantarki da giya a ciki, daga batirin motarka take shan wuta. Shi ne ya fi yawa a kasuwa, su Warn na Amurka, ComeUp na Taiwan, Runva na Sin, kuma duk rewaya mai hankali zai iya haɗa maka shi. Matsalarsa ci. In ya ɗau nauyi sosai yana jan amp 400 har sama, alhali altanetar mota irin taka ba ta ba da ko rabin haka, saboda haka batir ne ke biyan bashin. Dole inji na kunne kana ɗan ba shi wuta, ka ja kaɗan ka tsaya ya huce, ka taɓa jikin injin wincin in hannunka ba zai iya zama a kai ba to ka ƙyale shi tukuna. Mai gajen haƙuri shi ke ƙona koyil. Amfaninsa kuma, ko inji ya mutu a cikin ruwa zai ɗan ja ka na 'yan mintuna kafin batir ya kwanta, wani lokacin wannan ɗan jan ne zai fitar da kai.

Na haidirolik shi da famfon pawa sitiyari yake aiki, mai ne ke juya shi, Mile Marker su suka yi suna a kansa. Ba ruwansa da cin batir, ba ya zafi irin na wancan, zai yi ta ja ba hutu, shi ya sa janwe da motocin soja ke son irinsa. Amma in inji ya mutu shi ma ya mutu nan take. Ba shi da sauri in famfon ƙarami ne, haɗa shi sai an taɓa bututun sitiyari, kuma in tiyo ɗaya ya fashe a daji ga mai ya tsiyaye ga sitiyari ya yi tauri, matsala ɗaya ta zama biyu. Wasu sababbin motoci ma sitiyarinsu na lantarki ne babu famfon balle a jona. Kai da za ka yi amfani da shi jefi-jefi a Yuli da Agusta, gaskiya ban ga abin da zai kai ka can ba. Na batir.

Inda na fi so mu tsaya shi ne waya da igiya, don nan ne ake samun rauni. Wayar ƙarfe tana jure gurzar dutse da yashi da rana, ga arha, amma tana da nauyi, tana tsatsa, in ta lanƙwashe wuri ɗaya ta samu rauni kenan har abada, kuma silinta in sun fara tsinkewa suna tashi kamar ƙaya, ba a kama ta sai da safar hannu ta fata. In ta tsinke ana cikin ja dawowa take da ƙarfi, tana iya karya ƙafa ko ta fasa gilashi ta sami direba. Igiyar zamani, wadda ake kira Dyneema, ba nauyi, a kan ruwa ma yawo take, ƙarfinta bai gaza na waya mai kauri ɗaya da ita ba, in ta tsinke ba ta dawowa da mugun ƙarfi irin na waya, kuma wanda ya iya zai saƙa ta a wurin a ci gaba. Abokan gabarta uku ne kuma dukkansu muna da su a Kano, rana, yashi da zafi. Rana na cinye ta a hankali, yashi in ya shiga tsakanin zaren yana yanka ta daga ciki, sannan tana narkewa a wajen digiri 150, ga shi yawancin winci na batir birkinsu a cikin gangar naɗin yake, yana zafi in kana sassauta igiya da injin wincin alhali akwai nauyi a kanta. Don haka sai da rufi, sai da wanki da ruwa bayan kowace laka a shanya ta a inuwa.

To wanne? In kai ne da kanka za ka riƙa kula da motar, igiya, musamman da yake a ƙauye mota na kafewa yara za su zagaye ka kuma ba korarsu za ka iya ba. In direba da yaran gona za ka bar wa, waɗanda za su naɗe ta da laka su manta sai baɗi, sa musu waya ka saya musu safar hannu ka ce a riƙa yafa bargo ko tsohuwar darduma a tsakiyarta lokacin ja. Bakin da take fita ma daban ne, waya tana son mai rola huɗu, igiya tana son sumul na alminiyam, kar a ɗora igiya a kan rolar da waya ta riga ta kakkarce. Kuma kar a warware duka, waya a bar naɗi 5 a ganga, igiya 10.

Wajen ɗaurawa nan ake ɓata kuɗi. Alhaji don Allah kar ka yarda mai walda ya liƙa maka shi a jikin bambar kwalliya, tan 5 zai fizge ta ya bar motar a inda take. Farantin ƙarfe mai kauri ake yi, ko bambar da aka ƙera don winci, a ɗaure da shasi da noti masu ƙarfi masu lamba 8.8 ko sama, ba na kan tebur marasa lamba ba. Tazarar ramukan notin yawancin winci masu wannan girma awo ɗaya ne, inci 10 da inci 4 da rabi, ka je Ƙofar Ruwa da awon a hannu. Wincin da waya yana kai kilo 35 zuwa 40, ga nauyin bamba, gaban motar zai ɗan duƙa, a duba shokozoba. A kula kar a toshe iskar lagireto, ka san zafin Afrilu. In motar na da jakar iska ta hatsari a nemi bambar da ta dace da ita. Wayoyin wuta masu kauri su tafi batir kai tsaye, har da baƙar, ba a jona ta a jikin bodi ba, a nesanta su da salansa, a sa makunnin yanke wuta kusa da batir, batirin ma in ya tsufa canza shi rana ɗaya.

Sai abin da masu sayarwa ba sa faɗa, winci ba ya ja sai da abin da za a ɗaura masa, kuma a tsakiyar gonar shinkafa ina bishiyar? Ka ajiye shebur a bayan mota, in babu bishiya ba wata mota a haƙa rami a binne safayar taya a ɗaura a jikinta. Ka haɗa da bel mai faɗi na zagaya bishiya da fuli guda ɗaya, wato ƙaramar rolar da ake zagayo da wayar ta cikinta a dawo da ita jikin mota, fulin yana kusan ninka ƙarfin jan, saurin ne zai ragu da rabi, kuma batir zai samu sauƙi. Ka turo mana shekarar motar da girman batirin da ke ciki yanzu mu ga ko zai ɗauka.