Switch 2 bayan wata uku a hannuna, da katin da ya ɓata mini tafiyar Kumasi

Ni tela ne a unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin Ghana, kuma duk wanda ya san shagona ya san in na rufe keken ɗinki da daddare ba na zuwa majalisar shayi, gem nake bugawa. Ba ƙwallo ba, ba tseren mota ba. Irin wasannin nan masu dogon labari da ake kira RPG, waɗanda za ka ɗauki jarumi yana ɗan ƙauye ka raine shi awa sittin ko ɗari har ya zama wani abu. Tsohuwar Switch ɗina, na'urar gem ta hannu ta kamfanin Nintendo, ta yi mini shekara biyar, gilashinta ya tsage tun ranar da ta zamo daga kan teburin yanka, don haka tun da Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yuni 2025 nake ware mata wani abu daga kuɗin ɗinki. Lokacin da ta fito dala 450 ce a Amurka. Abin da take kaiwa kafin ta iso Circle, inda shagunan waya da tashar mota suke a Ankara, kuwa kun sani, ba sai na faɗa ba.

Na saye ta ana jibi ɗaurin auren 'yar kawuna a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Da gangan na zaɓi lokacin, don tafiyar Ankara zuwa Kumasi awa biyar ce ko shida in hanya ta yi kyau, kuma na riga na ƙudura cewa a cikin motar zan fara Bravely Default, wasan da na rasa tun zamanin 3DS saboda ban taɓa mallakar waccan na'urar ba. A shagon na ɗauki kwalin wasan na tambayi yaron da ke sayarwa, ba sau ɗaya ba, sau biyu: "Wannan katin in na sa zai tashi kawai?" Ya ce, "Maigida, komai yana ciki, sawa kawai za ka yi." Na sake tambayarsa ko memorina na tsohuwar zai shiga sabuwar, ya ce zai shiga. Na biya, na haɗa da Cyberpunk 2077, na taho gida. Washegari ɗinkin amarya da na ƙawayenta ya riƙe ni har kusan ƙarfe biyun dare, abin da na iya yi kawai shi ne na kunna ta, na saita asusuna, na cika mata caji. Kwalin wasan ko ledarsa ban cire ba.

Mun tashi daga Circle bayan sallar asuba. Muna wuce Nsawam na ciro ta, na yage ledar, na zura jan katin nan. Maimakon wasa sai ta rubuto mini cewa sai na haɗa da intanet na sauke shi. Na cire na sake sawa. Na kashe na kunna. Sai a lokacin na juya kwalin na ga farin layi a ƙasansa da hoton ɗan makulli, da rubutun da ke cewa katin makulli ne kawai, wasan kansa sai an sauko da shi, sama da giga goma. Wato abin da ke hannuna ba wasa ba ne, izinin sauke wasa ne. Masu shi ba su ɓoye ba, ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro. Wanda ya dubi idona ya ce komai yana ciki shi ne ya cuce ni, kuma na tabbata ya sani, don kullum irinsu yake sayarwa.

Ban haƙura ba. Na sayi data a waya, na raba wa na'urar, na ɗora su biyun a kan cinyata ina kallon layin yana jan ciki. Tsakanin Suhum da Bunso sabis ya ɗauke ya fi sau biyar. Ya dawo, ya yi ɗan gudu, mu shiga kwari, ya tsaya cak. Da aka tsaya cin abinci a Bunso mutane suka sauka, ni ina tsaye a rana ina ɗaga waya sama ina neman inda ya fi ƙarfi. Kafin mu kai Nkawkaw datar ta ƙare, layin bai kai rabi ba, wayata ta yi zafi kamar dutsen guga, cajinta ya koma kashi 11. Wani ɗan yaro da ke kujerar gefena tun Ankara yake leƙen hannuna, ya ce, "Baba, ta lalace ne?" Na ce ba ta lalace ba. Cyberpunk ɗin kuwa yana cikin babbar jaka a ƙarƙashin mota tare da kayan amarya. Haka na zauna har Konongo, har Ejisu, da na'urar da na yi wata da watanni ina tara wa kuɗi a kashe a cinyata. Wallahi a wannan motar na yanke shawarar in na koma zan sayar da ita.

Abin da ya sauya mini zuciya ya faru ne a daren, a gidan Kawu. Bayan isha'i aka ɗauke wuta, unguwar ta yi duhu, aka fito da tabarmi tsakar gida. Na ɗauko Cyberpunk na sa ba tare da wani ɗoki ba, sai kawai ya tashi. Kamfanin da ya yi shi, na ƙasar Poland, ya zuba wasan gaba ɗaya a kati mai giga 64, har da ƙarin labarin Phantom Liberty. Na tsinci kaina a tsakiyar wani birni da daddare, ruwan sama yana sauka, fitilun talla suna haska kwalta, a kan gilashi mai inci 7.9 da nake riƙe da hannu biyu a tsakar gida a Aboabo. Wannan wasa ne da na saba ganin sai mai babbar kwamfuta ko PlayStation ke taɓa shi. Samarin gidan suka zagaye ni, ɗan kawuna yana ta cewa, "Yaya, wai da gaske a cikin wannan 'yar abar yake?" Amma ban daɗe ba na kashe, don ƙananan yara sun fara matsowa, kuma wasan ba na yara ba ne ko kaɗan, akwai zubar da jini da batsa a ciki. Duk mai ƙanne a gida ya kiyaye wannan. Batir ma ba zai bar ni in daɗe ba, da irin wannan wasa mai nauyi awa biyu da 'yan mintoci ne ya gama. Masu ita sun ce daga awa 2 zuwa 6 da rabi, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai manyan wasanni a ƙasan lissafin suke. A garin da ake ɗauke wuta, ka haɗa da fawa banki mai ƙarfi tun ranar saye.

Bravely Default sai da na dawo Ankara na sauke shi da intanet ɗin wani abokina mai shagon buga takardu, na bar ta a wurinsa daga azahar zuwa la'asar. Da zarar ya sauka shi ke nan, ba ya sake neman intanet, katin dai ya kasance a ciki. Kuma in faɗi gaskiya, wasan ya biya ni. Yana farawa ne da wani makiyayi, Tiz, ƙasa ta tsage ta haɗiye ƙauyensu gaba ɗaya, ƙaninsa ya suɓuce daga hannunsa yana kallo. Tun daga nan ban iya ajiye shi ba. Faɗansa na bi-da-bi ne, amma da wata dabara da duk wanda ya taɓa zubin susu, wato adashi, zai gane nan take. Kana iya ƙin kai hari, ka kare kanka ka ajiye damarka, sai ta taru ka kwashe ta gaba ɗaya ka yi bugu huɗu a jere. Ko kuma ka ci bashi, ka yi bugu huɗun yanzu, in abokin gaba bai faɗi ba ka tsaya hannu rabbana yana dukanka har ka biya. Na sha tsayawa minti biyar ina lissafi kafin in danna maɓalli ɗaya. Irin wannan nake nema a wasa.

Tsofaffin katunana ma sun shiga. Xenoblade Chronicles 3 da na bari a tsakiya na ci gaba daga inda na tsaya. Zelda ta Tears of the Kingdom na biya ɗan ƙarin kuɗin da ake biya don a ɗaga ta zuwa ta sabuwar na'ura, bambancin a fili yake, motsi ya yi sumul, jiran buɗewa ya ragu sosai. Na san wasu za su ce Zelda ba RPG ba ce, ni dai a layi ɗaya nake ajiye su. Pokémon Legends: Z-A da ta fito a Oktoban 2025 ɗan yayata ne ya mallake ta, duk Asabar yana shago. Hannayen da ke manne da maganaɗisu sun fi na da ƙarfi, mazaunin da ake ɗora ta a haɗa da talabijin yana aiki, ba ni da abin cewa a kansu.

To amma ga inda raina ya sake ɓaci. Cikinta giga 256 ne, da farko na ɗauka ya wadatar. Sai ka sauke wasa biyu uku na katin makulli, ka ƙara da gyare-gyaren da suke zuwa, ka ga wuri yana tafiya. Na ɗauko memorina na tsohuwar na zura, ta ƙi ajiye wasa a kansa. Ashe ba ta karɓar kowane irin sai microSD Express, wanda ya fi tsada kuma ba kowane shago ke da shi ba. Ƙarya ta biyu ke nan daga bakin mutum ɗaya. Na koma Circle da memorin da kwalin a hannu. Yaron ko kunya babu, ya nuna mini farin layin da ɗan yatsa ya ce, "Ai Maigida an rubuta a jiki." Na ce, "Da na tambaye ka me ka ce mini?" Ya juya ga wani mai saye. Sannan ya waiwayo ya ce yana da sabon memorin in ina so. Ban saya a wurinsa ba, kuma ba zan ƙara taka shagon ba.

Wannan maganar kati ita ce ta tsaya mini a wuya har yanzu, domin da yawa daga cikin RPG ɗin da ke zuwa daga wasu kamfanoni a katin makulli suke, kuma su ne masu nauyin. Mutumin da intanet ɗinsa ba ya yankewa ba zai ji komai ba. Mu da muke sayen data da awo, kowane wasa kuɗinsa biyu ne, na kati da na saukewa, ga neman inda za ka zauna ya sauka. Yanzu in na ɗauki kwali ƙasansa nake fara dubawa kafin in kalli sunan wasan. Na ajiye biyu da nake so ƙwarai saboda ɗan makullin nan.

Ban sayar da ita ba. Tana cikin aljihun tebur ƙarƙashin almakashi, kuma jiya ma da aka ɗauke wuta keke ya tsaya, ita na ciro. Wani maƙwabcina mai gyaran waya ya tambaye ni ko ya saya wa kansa, na ce ya saya in yana da inda zai riƙa sauke wasa, kuma ranar da zai je Circle ya kira ni mu tafi tare in duba masa kwalayen.