Bokitin 'yan beyar masu launi shida: ya ci kuɗinsa ko bai ci ba?

Ɗan bokitin roba ne mai murfi, a cikinsa ƙananan 'yan beyar, wato 'yan tsanar roba masu siffar dabbar nan da Turawa ke kira bear, guda 60 masu launi shida: ja, kore, shuɗi, rawaya, ruwan lemo da shunayya. Kowane launi da kofinsa, sai hantsakin roba na ɗaukarsu. Na saye shi a wani shagon kayan 'yan makaranta a kasuwar Sabon Gari ta Kano, saboda malamar Ummi, 'yata mai shekara uku da rabi, ta ce a riƙa sa ta ware abubuwa a gida, wai tun kafin ƙirga daga nan lissafi yake farawa. Ba arha gare shi ba, sai da muka sha ciniki da mai shagon kafin ya sallama.

Robar tana da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. An taka su, an tauna su, sun kwana a bahon wanki, launinsu bai koɗe ba kuma babu wanda ya fashe. Ba su da kaifi a gefe, ba sa warin nan na sabuwar roba. Hantsakin ne dai aikin banza, ya yi wa hannun yarinya tauri, da yayanta ya matse shi da ƙarfi kuwa ya rabe biyu. Ja da ruwan lemo kuma sun yi kusa da juna ainun. Da rana babu matsala, amma in an ɗauke wuta aka kunna fitila, ni kaina sai na ɗaga su sama na duba.

Hajiyarmu da ta gansu cewa ta yi, "Wannan mutum-mutumin fa a cikin gida?" Na ce, "Hajiya, ai Nana A'isha ma ta yi wasa da 'yar tsana." Ta yi shiru, jim kaɗan na same ta tana taya jikarta jera su a kan tabarma.

Ainihin ƙorafina a kan kofunan yake, alhali su ne abin da mai shago ya fi tallatawa. Kofi ja na jajaye, kore na koraye: kofin ya riga ya yanke wa yaro hukunci, shi nasa kawai zubawa. Ummi ta gane wannan nan da nan, ta yi ta gama, ta tashi ta bar su. In a nan wasan ya tsaya, to an yi asarar kuɗi. Abin ya fara daɗi ne ranar da na ɓoye kofunan, na juye 'yan beyar a faranti na ce ta haɗa 'yan gida ɗaya. Sa'ar da na yi ita ce nawa bokitin girma uku ne, manya da matsakaita da ƙanana, don haka akwai hanyar warewa fiye da ɗaya.

Da na ce, "Ummi, yanzu ba wasan launi muke ba, manya nan, ƙanana can," sai ta gyaɗa kai, ta maimaita abin da na ce daidai, sannan ta ɗauki ƙaramin ja ta ajiye kusa da babban ja. Na sake bayani, ta sake yin haka, tana kallona kamar ni ce ban gane ba. Ba taurin kai ba ne. Masanin halayyar yara Philip Zelazo yana da gwaji da katuna masu hoton zomo da jirgin ruwa, ja da shuɗi, inda ake sa yaro ya ware da launi, daga baya a ce ya koma warewa da siffa. Yawancin 'yan shekara uku sukan liƙe wa dokar farko ko da bakinsu na iya faɗin sabuwar, 'yan shekara biyar kuwa galibi sukan sauya ba wahala. Sanin wannan ya sa ba na takura mata. Abin da ya yi mana aiki shi ne raba wasannin: na girma da safe, na launi sai wani lokacin, kuma in za mu yi na girma nakan ba ta launi ɗaya tak, kada launin ya ja mata ido.

Yayanta ɗan shekara shida ne, yana ganin ya wuce wannan wasa. Na ajiye masa jajaye takwas da shuɗaye biyu, na tambaye shi ko duka 'yan beyar ne, ya ce e. Na ce, "To jajaye ne suka fi yawa ko 'yan beyar?" Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Umma, jajaye mana!" Tambayar Jean Piaget ce, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, shi da duwatsun ado na katako ya yi ta, yawancinsu ruwan ƙasa, 'yan kaɗan farare, kuma yaran da ba su kai shekara bakwai ko takwas ba irin wannan amsar suke bayarwa. Riƙe ƙaramin rukuni da babban rukunin da ya haɗiye shi a kai lokaci guda aiki ne babba ga yaro. Babu ko kalma ɗaya a kan irin wannan a takardar da ke cikin bokitin, hoton kofuna kawai aka buga.

Ga gargaɗi ga masu goyo. A jikin murfin akwai alamar nan ta jan da'ira da fuskar jariri da 0-3 an soke. Kada a raina ta. Ni tela ce, na auna ƙaramin beyar da tef ɗina, bai kai santimita uku ba. A Amurka ana gwada kayan wasa da wani ɗan bututu mai faɗin kusan santimita 3.2, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ba a yarda a sayar wa 'yan ƙasa da shekara uku ba, don yana iya maƙale musu a maƙogwaro. A gidan yawa, inda mai rarrafe ke bin kowace tabarma, ƙirga su bayan wasa dole ne. Duk ranar da ɗan ƙanwata ya zo, bokitin saman kwaba yake kwana.

Wani zai ce me ya kai ni sayen wannan alhali ga gwangwanin maɓallai a kan keken ɗinkina, kuma yana da gaskiya. Maɓalli ya fi beyar hanyoyin warewa: launi, girma, mai huda biyu da mai huda huɗu, na ƙarfe da na roba. Yarinyar da ke taya tsince wake, ko take kallon mai tumatir yana kasa manya daban ƙanana daban, aikin nan take koyo. Fifikon bokitin shi ne kowane launi goma ne cif, sai kwatanta yawa da raba su daidai tsakanin yara ya zo da sauƙi, kuma suna tsayuwa da ƙafafunsu, yaro ya jera su layi ya ga wane layi ya fi tsawo.

Mai niyyar saya ya sa a buɗe masa murfin a shago. Akwai irin wanda duk 'yan beyar ɗin girma ɗaya ne, bokitinsu iri ɗaya da nawa daga waje, kuɗinsu ma kusan ɗaya. Shi wannan ban da launi babu abin da za a ware a cikinsa, ni ba zan saye shi ba. A ƙirga su kuma a gaban mai shagon kafin a biya.