Jinginar da Cikakkiyar Mallaka ko Haƙƙin Haya: Wanne Ya Dace da Mai Neman Rance?

An sha tambayata ko wanda bai mallaki gida ba, sai haƙƙin haya na shekaru masu yawa, zai iya jinginar da shi ya karɓi rance. Bisa ƙa'ida zai iya, amma ba ya jinginar da abin da ya wuce haƙƙinsa.

Banki ya fi saurin karɓar cikakkiyar mallaka, domin ba ta da wa'adi. Haƙƙin haya kuwa kullum raguwa yake yi: wanda shekara 12 ta rage masa da wuya a ba shi bashin shekara 15. Yarjejeniyar hayar takan buƙaci amincewar mai gida kafin a yi jinginar, kuma idan aka soke hayar saboda saɓa sharaɗi, banki ya tashi a tutar babu, wanda a ganina shi ne babban rauninta.

Sai dai mai cikakkiyar mallaka gidan dungurungum zai rasa idan ya kasa biya.

Cikakkiyar mallaka ta dace da mai neman babban rance na dogon lokaci, haƙƙin haya kuma da mai sauran shekaru masu yawa da ke neman ƙaramin rance.