Wajen kine ɗin da muke kai Baba a Garwa

Masu majinyaci a gida wanda ɓarin jikinsa ya shanye, don Allah ku daina barinsa kwance haka nan ba motsi. Wajen kine ɗin nan, wato masu gashi da motsa gaɓoɓin majinyaci, sun burge ni wallahi. Da muka fara zuwa yatsun Baba sun dunƙule, gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, ko riga za a sa masa sai ya yi ƙara. Matar da ke duba shi ta ce in gaɓa ta daɗe ba motsi tsoka da jijiya gajarcewa suke yi su ƙage, haka ma bayan ƙuna ko daɗewa cikin filasta, in abu ya yi nisa kuma sai tiyata. Ba ta fizga, a hankali take miƙar da hannun ta riƙe har ya ɗan saki, yanzu yana buɗe tafin a wanke masa alhamdulillahi. Ta koya mana mu riƙa yi kullum a gida, mu juya shi duk awa 2, ta hana mu tura matashi ƙarƙashin gwiwarsa.

Matsalarsu ɗaya layi, ka zo da sassafe sai kusan azahar, ga kuɗin moto zuwa da dawowa.