Shagon tsofaffin jaridu na Yaba: abin da na samu kan tarihin ƙungiyar Pyrates

Tun ranar da labari ya bazu a unguwarmu ta Agege cewa babban ɗana ya sami gurbin karatu a Jami'ar Legas da ke Akoka, duk wanda ya zo yi mini murna sai ya ƙare zancensa da gargaɗi iri ɗaya: Alhaji, a kula da yaron nan, kada 'yan ƙungiyar asiri su ja shi. Wani maƙwabcina ya ƙara da cewa ai marubucin nan Wole Soyinka ne ya kawo wannan bala'i ƙasar nan. Da na tambaye shi yaushe aka yi haka, kuma da wace manufa, sai ya ce shi ma ji ya yi. Na ga cewa ba zan iya zaunar da yaro mai shekara goma sha takwas in yi masa nasiha da ji-ta-ji-ta ba, domin tambaya ɗaya zai yi mini in rasa amsa. Wannan ne ya kai ni shagon da nake son in ba da labarinsa.

Daga Agege na shiga jirgin ƙasa na jan layi na sauka a tashar Yaba, sannan na taka kaɗan zuwa layin masu sayar da littattafan gwanjo. Shagon ƙarami ne ƙwarai, bai kai girman ɗakin zaure ba, kuma babu allon suna a ƙofarsa, sai dai duk wanda ka tambaya inda dattijon nan mai tsofaffin jaridu yake zai nuna maka. A ciki an jera ɗaurin jaridu da mujallu tun daga ƙasa har rufi, kowane ɗauri an ɗaure shi da igiya, an maƙala masa guntun kwali mai ɗauke da shekara. Na ga Daily Times da Guardian, na ga mujallun Newswatch da Tell waɗanda muka riƙa karantawa a zamanin mulkin soja. Takardun sun yi ja-ja, warin ƙura da danshi ya cika wurin, fanka ɗaya ce tak take juyawa a kan kanta.

Mai shagon Bayerabe ne da ya manyanta, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Sabon Garin Kano, saboda haka Hausa ce muka yi da shi daga farko har ƙarshe. Na ce masa, "Baba, tarihin ƙungiyoyin asiri na jami'a nake nema." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, na asalin kake so ko na 'yan baya? Domin ba abu ɗaya ba ne." Tsarin aikinsa shi ne ka faɗi abin da kake nema, ka ba da kafin alƙalami, shi kuma ya shiga ɗaurin jaridunsa ya tsamo duk abin da ya shafi batun, ya yi kwafi, ya jera bisa shekaru, ya kai a ɗinke maka kamar littafi. Mako guda ya ɗiba mini, kuma ranar da ya faɗa na tarar da aikin a shirye, shafi sittin da ɗoriya, da bango mai kauri. Abin da na biya gaba ɗaya bai kai kuɗin buhun shinkafa ƙarami ba.

Kashi na farko na abin da ya tara mini shi ne mafi amfani, kuma a kansa ne nake ganin kuɗina sun halatta. A 1952 ne ɗalibai bakwai na Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka kafa ƙungiyar da suka kira Pyrates Confraternity, wato 'yan'uwantakar 'yan fashin teku. A lokacin kwalejin shekararta huɗu kacal da buɗewa, tana ƙarƙashin Jami'ar Landan, Turawa kuma suna mulkin ƙasa. Mutanen bakwai su ne Wole Soyinka, Ralph Opara, Pius Oleghe, Ikpehare Aig-Imoukhuede, Nathaniel Oyelola, Olumuyiwa Awe da Sylvanus Egbuche. Abin da ya dame su shi ne yadda wasu ɗalibai, musamman 'ya'yan masu hali, suka mayar da kwaikwayon Bature abin alfahari a sutura da magana da cin abinci, suna raina waɗanda suka fito daga gidajen talakawa, ga kuma ƙungiyoyin ɗalibai da suka fara rabuwa bisa ƙabila. Sai waɗannan samari suka ɗauki kamannin 'yan fashin teku, da ɗankwali a ka da tambarin ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, domin su yi wa masu kwat da lakataye tsiya. Manufofin da suka shimfiɗa guda huɗu ne: yaƙi da al'adun da suka ruɓe, yaƙi da ƙabilanci, kare mutuncin ɗan Adam, da riƙon zumunci da jarumta. Ƙungiyar ba reshen wata ƙungiya ta ƙasar waje ba ce, kuma ba hukumar kwaleji ce ta kafa ta ba.

Wannan ya ba ni mamaki matuƙa, domin ban taɓa zaton cewa yaƙi da ƙabilanci yana cikin tushen abin da muke tsoro a yau ba. Mu da muke zaune a Legas, waɗanda muka san abin da rikicin ƙabilanci ya yi a Idi-Araba a 2002 da kuma Mile 12, ba ma buƙatar a yi mana bayanin darajar wannan manufa. Haka kuma waɗanda suka kafa ta ba 'yan iska ba ne: Awe ya zama farfesan kimiyyar fiziks a Ibadan, Opara ya yi suna a aikin rediyo, Soyinka kuwa ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 1986.

Kashi na biyu ya bi yadda abin ya lalace. A 1972 wasu suka ɓalle daga Pyrates suka kafa Buccaneers, ƙungiyar Eiye kuma ta riga ta samu a Ibadan, sannan a 1977 aka kafa Neo Black Movement a Jami'ar Benin, wadda ake danganta ta da 'yan Black Axe, ko da yake shugabanninta suna musanta hakan. Da ƙungiyoyi suka yawaita sai gasa ta shigo, gasa ta haifi gaba, gaba ta kai ga adda da gatari da bindiga. Su kuwa Pyrates sun yi rajista da gwamnatin tarayya a 1980 da sunan National Association of Seadogs, kuma a 1984 suka sanar da cewa sun janye daga harabar jami'o'i, ba sa ɗaukar ɗalibi. Shafin da na fi daɗewa a kansa shi ne na abin da ya faru a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife ranar 10 ga Yuli, 1999, lokacin da 'yan ƙungiyar asiri suka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai da asuba suka kashe mutum biyar, cikinsu har da sakataren ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade. Na duba hotunan samarin, duk sa'o'in ɗana ne, sai na rufe takardun na ajiye har washegari.

A nan ne zan faɗi inda aikin ya gaza. Wajen yanko labaran, yaron da ke yi wa Baba kwafi ya datse saman shafuka da dama, ta yadda sunan jarida da kwanan wata suka ɓace, alhali ga mai neman tarihi wannan shi ne rabin amfanin takarda. Wasu hotunan sun fito baƙi ƙirin, ba a gane fuska. Da na koma na yi ƙorafi bai yi gardama ba, ya sake mini shafi tara ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma sai da na ɓata yini guda. Kuma tarin nasa ya tsaya ne a farkon shekarun 2000, don haka babu komai a ciki game da dokar da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa wa hannu a 2021, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga duk wanda aka samu da zama ɗan ƙungiyar asiri a jihar Legas. Wannan kuwa shi ne abin da ya fi kamata ɗalibin yau ya sani, musamman da yake rikicin Eiye da Aiye (wato 'yan Black Axe) ya daɗe da barin jami'a ya shiga unguwanni irin su Ikorodu, Mushin, Somolu da Bariga, kuma Bariga ɗin nan maƙwabciyar Akoka ce.

Akwai kuma inda muka saɓa da Baba. A bayaninsa na baki yana wanke Pyrates tas, yana cewa laifin duk na 'yan baya ne. Ni kuwa, bayan na karanta abin da shi da kansa ya tara mini, ina ganin gaskiyar ta fi haka nauyi. Lallai zalunci ne a ɗora wa samari bakwai na 1952 jinin da aka zubar a 1999, domin ba su yi niyyarsa ba kuma ba su koyar da shi ba. Amma salon da suka zo da shi, na laƙabi na ɓoye da yare na musamman da biyayya ga umarnin na gaba, shi ne 'yan baya suka ɗauka suka zubar da manufar. Ƙwarya ce aka gada, aka zuba mata wani abu dabam. Na faɗa masa haka, ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, amma ka bar ni da ra'ayina." Na ji daɗin cewa bai ɓoye takardun da suka saɓa wa ra'ayin nasa ba, duk ya sa su a cikin ɗaurin, kuma saboda wannan ne na amince da shi.

Na ba ɗana littafin ya karanta cikin kwana uku. Tambayar da ya yi mini ita ce, "Baba, to idan wani ya ce mini shi ɗan Pyrates ne a makaranta fa?" Na ce masa ya buɗe shafin 1984, zai ga cewa masu sunan da kansu sun ce ba su da ɗalibi, don haka duk wanda ya zo masa da wannan magana wani abu yake nema. Na kuma nuna masa cewa idan abokan zama yake so, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a nan Legas a 1954, shekara biyu bayan Pyrates, kuma taronta a fili take yi.

Duk wanda zai je shagon, ya tafi da tsabar kuɗi domin Baba ba ya karɓar tiransifa, ya je da hantsi kafin zafi ya cika ɗakin, kuma ya jaddada tun farko cewa kada a yanke kwanan watan da ke saman shafi. Mai asma ya sa takunkumi. Littafin nawa yanzu yana hannun limamin masallacinmu, wanda 'yarsa za ta rubuta jarrabawar JAMB bana, kuma mutum biyu sun riga sun kama layi a bayansa.