Shagon turin waƙoƙi na Yelwa da gangunan Karen Carpenter

Shagon bai fi rumfar mai shayi girma ba. Yana nan Yelwa, cikin Garwa ta Kamaru, maƙale tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da caja: kwamfuta ɗaya, benci ɗaya, sai fanka mai kuka. Aikinsu tura waƙoƙi da bidiyo a waya ko a memori. Abin da ya kai ni kuwa wani tsohon kaset ne na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na Carpenters, mawaƙan Amurka biyu, wa da ƙanwa, wanda ya sayo a Yola. Zarensa ya tsinke tun tuni. Da shi muke kwana a tsakar gida lokacin zafin Afrilu, kowa bisa tabarmarsa, muryar Karen Carpenter tana fita a hankali daga rediyo.

Na zaci yaron shagon zai ce bai san su ba, don waƙoƙin Kannywood da na Fulatanci ne ke tashi a sifikarsa. Sai ya ce, "Hajiya, muryarta kawai kike so, ko har da kiɗanta?" Na ce, "Kiɗan wa, ɗana?" Ya juyo mini fuskar kwamfutar.

Wani shirin talabijin ne na 1976. Ga ta nan, siririya, sanduna biyu a hannu, tana gudu daga waɗannan ganguna zuwa waɗancan, tana kaɗawa tana dariya. Sama da shekara talatin na san muryar matar nan, ban taɓa sanin makaɗiya ba ce. Sau uku na sa ya maimaita, bai nuna gajiya ba.

Mahaifiyata ta yi kiɗan ƙwarya a bukukuwa, saboda haka na san hannu in na gan shi. Hannun Karen ba na duka ba ne. Daga wuyan hannu take kaɗawa, sandar tana tashi da kanta, kuma komai saurin kiɗan ba ta zarcewa, ba ta ja baya. A wani bidiyon kuma tana zaune bayan gangunan tana rera waƙa mai sanyi, hannu biyu da ƙafa biyu kowanne da aikinsa, numfashinta bai ko girgiza ba. Duk macen da ta taɓa riƙe ƙwarya tana amshi a lokaci guda ta san wuyar abin nan.

An haifi Karen a 1950. A sakandare ta fara kiɗa, a garin Downey na Kalifoniya, kuma tana da shekara 16 suka ci gasar makaɗa a dandalin waƙa na Hollywood Bowl a 1966, ita a ganguna, wanta Richard a fiyano. A faifansu na farko na 1969 ita ta kaɗa. Da muryar ta yi kasuwa sai aka ce masu kallo ba sa hango ta a bayan ganguna, aka fito da ita gaba aka miƙa mata makirfo, a ɗakin ɗaukar murya ma wani makaɗi, Hal Blaine, ya karɓi kiɗan da yawa daga cikin shahararrun waƙoƙinsu. Ita kuwa tana ɗaukar kanta makaɗiya ce da ke waƙa. Ta rasu a 1983, shekararta 32, bayan ciwon ƙin cin abinci ya raunana mata zuciya.

Wannan raba ta da ganguna da aka yi ya tsaya mini a rai. Mu a wurinmu ai Makaɗa Narambaɗa muke cewa, Makaɗa Ɗanƙwairo, da kiɗan ake fara kiran mutum. Amma mu ma ganga da kalangu na maza ne, mata an bar mana ƙwarya da shantu, irin su Barmani Choge suka yi suna a ciki.

Batun aikin shagon: sefa 500 na biya, waƙa 20 da bidiyo 4. Ya jera su da sunayensu, ya sa na saurari kowace kafin in tashi, kuma tun kafin ya tura ya faɗa mini cewa bidiyo biyu hotonsu dishi-dishi ne, tsofaffi ne. Wannan gaskiyar ta burge ni. Ana kiran salla yake kashe sifika.

Abin da ban ji daɗinsa ba, wurin zama. Benci ɗaya ga mutum shida, mace ba ta da inda za ta raɓa, kuma da aka ɗauke wuta sai da na jira kusan minti arba'in don ba su da janareta. Ku je da hantsi kafin samari su cika wurin. Ku kuma tafi da abin saurare na kunne, don lasifikar waya tana cinye bugun ƙafar nan na babbar ganga, rabin gwanintarta kuwa a can yake.

Ranar Asabar zan koma. Yaron shagon ya ce zai nemo mini na mawaƙin Amurka Marvin Gaye, wanda shi ma ganga ya kaɗa wa wasu a kamfanin Motown kafin duniya ta san muryarsa.