Tankin kifin beta mai shinge a tsakiya: yadda na same shi a sanyin Jos

Wanda yake son ajiye kifin beta maza biyu alhali wurin tanki ɗaya ke gare shi, akwatin gilashi mai shinge a tsakiya zai yi masa aiki, amma ba a yadda ake miƙo masa shi daga shago ba. Na yi amfani da irinsa a gidana a nan Jos tun ƙarshen damina har hunturu ya shiga ya fita. Gilashin ba ni da ƙorafi a kansa. Shingen ne sai da aka sake shi, sannan akwai kayan da ba sa zuwa tare da tankin, waɗanda in babu su wahala kawai za a ba kifin.

Ga wanda bai san shi ba, beta ɗan ƙaramin kifi ne da bai wuce tsawon yatsa ba, namijin na da dogayen fiffike masu launi, ja ko shuɗi ko gauraye. Asalinsa ƙasar Tailan ce da maƙwabtanta, inda yake rayuwa a fadamu da gonakin shinkafa, ruwa mara zurfi, mai ɗumi, cike da ciyayi. A 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Mutanen can sun daɗe suna kiwonsa don haɗa shi faɗa, kuma wannan zafin zuciya yana nan a jininsa har yau. A fadama, wanda aka fi ƙarfi gudu yake ya shige ciyawa, magana ta ƙare. A cikin gilashi babu wurin gudu, don haka maza biyu in aka haɗa su sai sun yayyage juna, wani lokaci har ɗaya ya mutu.

Wani mai aikin gilashi ne a cikin gari ya haɗa mini tankin. Tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wato lita 54 in an cika shi maƙil. Aikinsa ya yi kyau ƙwarai. Silikon ɗin da ya bi kusurwoyin da shi, wato gam ɗin da ke haɗa gilashin, a tsabtace yake, ya goge kaifin bakin gilashin, kuma har yau ko ɗigo bai taɓa yi ba. Inda muka saɓa shi ne yawan ɗakuna. Ya ce, "Maigida, bari in raba maka uku mana, ai kifin nan ko a kofi yana rayuwa." Na ce masa, "Malam, biyu sun isa." Lissafin a fili yake. Ba a cika tankin har baki, ga tsakuwa da duwatsu sun ci wuri, ruwan da ya rage bai fi lita 45 ba. In an raba biyu kowa ya samu sama da 20, wanda shi ne kusan mafi ƙarancin da masana kiwon kifin ke ba da shawara. In an raba uku kowa 15 zai samu, kuma na tsakiya zai zauna da abokin gaba dama da hagu.

Maganar kofi kuwa ina jin ta a bakin masu sayarwa da yawa, kuma tana ɓata mini rai. Gaskiya ne beta na da wata gaɓa a kansa da ke ba shi damar tasowa sama ya shaƙi iska kai tsaye, shi ya sa ba ya mutuwa da wuri a ruwan da wani kifin ba zai kwana a ciki ba. Amma kashinsa yana zama amoniya a cikin ruwan, wani sinadari mai guba, ita kuma tana ƙona masa fiffike da kunnuwa, wato gaɓoɓin da yake numfashi da su a cikin ruwa, a hankali. Yana numfashi dai, amma yana cikin ciwo.

Yanzu ga shingen. Wanda ya zo da tankin farar roba ce garai-garai, ana ganin ɗaya gefen tas, an huda ta ramuka don ruwa ya riƙa ratsawa. Ga mai kallo abin sha'awa ne: kifaye biyu sun fuskanci juna, kowa ya buɗe murfin kunnuwansa, ya baza fiffike, launinsa ya ƙara ƙarfi. Baƙi in sun shigo nan suke tsayawa. To amma wannan bazawar shirin faɗa ce. Na ɗan lokaci ba ta da illa, amma nawa daga fitowar rana har a kashe fitila suna manne da shingen, suna kai da komo, suna dukan robar da baki. Ɗaya ja ne, ɗaya shuɗi. Shuɗin ya fara barin abinci, launinsa ya dusashe, bakin wutsiyarsa ya fara tsagewa. Kamar a zaunar da mutum ne da wanda yake neman ransa, a ce ai akwai taga a tsakaninku, ka kwantar da hankalinka.

Na mayar wa mai gilashin, ya yanko baƙar roba mai kauri wadda ba a ganin komai ta cikinta, ya huda ƙananan ramuka a can ƙasa da kuma kusa da sama, kowane bai kai kan kifin ya shiga ba. Na jera tsirran ruwa a jikinta ta kowane gefe. Canjin bai ɗauki lokaci ba. Kowa ya koma yawo a ɓangarensa, shuɗin ya dawo cin abinci, jan kuma ya tara kumfa a kusurwa, irin sheƙar da namijin ke yi a saman ruwa.

Abu biyu ne zan ja hankali a kansu game da shinge ko wane iri ne. Gefensa dole ya manne da gilashi, domin beta na iya matsa jikinsa ta ƙaramar kafa da ba za ka zata ba, ko ya maƙale a ciki. Wanda aka riƙe da 'yan robobin nan masu tsotsar gilashi ban yarda da shi ba, suna sakewa in sun tsufa. Nawa da silikon aka manne shi, ƙasansa kuma ya nutse cikin tsakuwa har ya taɓa gindin tankin. Na biyu, shingen ya kai har murfi. Kifin nan yana tsalle, kuma tsallake ɗan yatsa biyu ba komai ba ne a wurinsa. Tankin bai zo da murfi ba, sai da na sa aka yanko, kuma a ganina bai kamata a sayar da tankin beta babu murfi ba.

Jarrabawa ta gaske a Jos sanyi ce. Beta na son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28. Mu kuma garinmu yana kan tudu, sama da mita 1,200, kuma duk wanda ya kwana a nan a Disamba ko Janairu ya san yadda asuba take. Ko da damina ma, in aka yi kwanaki ana ruwa, ɗaki kan yi sanyin da ya fi ƙarfin kifin nan. Idan ruwa ya yi sanyi, sai ka ga ya kwanta a ƙasa ya naɗe fiffike, abinci ba ya narkewa, cututtuka su samu ƙofa. Mutumin Abuja zai iya yin watanni bai kunna hita ba. A Jos hita mai daidaita kanta wajibi ce, kuma na sa mai wat 100 saboda ƙarama ba ta iya riƙe zafin da dare.

A nan ne na ga wani aibin tanki mai shinge da ba wanda ya faɗa mini. Hita tana gefe ɗaya, shinge kuma yana rage zagayen ruwa, sai ɗaya gefen ya fi sanyi. Na sa ma'aunin zafi a kowane ɓangare, na ga bambancin ya kai digiri biyu da asuba. Matso da hitar jikin shingen da sa matatar soso (soson da ke tace ruwan, famfon iska na hura kumfa ta cikinsa) kusa da ita, yadda kumfarta ke motsa ruwan, ya rage tazarar sosai. Matatar soso ita ce ta dace da beta don ba ta da ƙarfin turi, dogayen fiffikensa ba sa jure igiya. Na sa ɗaya a kowane gefe, famfon iska guda ke tura su.

Sai ɗauke wuta. A nan tankin ya burge ni, domin ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa kamar na ƙaramar kwalba. Na manna farin soson nan na kwalin firji a baya da ƙasa, in wuta ta tafi da dare sai in lulluɓe tankin da bargo. In abin ya yi tsawo, nakan cika gorar roba da ruwan ɗumi, in rufe ta sosai, in bar ta tana yawo a ciki. Kada a zuba ruwan zafi kai tsaye. Murfin ma yana taimakawa, yana riƙe ɗumi da laimar iskar da kifin ke tasowa ya shaƙa, ga shi yana tare ƙurar hunturu.

Ruwansu ɗaya ne, wannan kada a manta. Cutar farin ɗigo ko ruɓewar fiffike in ta kama ɗaya, ta ramukan nan za ta iske ɗayan. Saboda haka ina ajiye wani ƙaramin tanki na jinya a gefe, kuma sabon kifi ba ya shiga sai ya yi makonni shi kaɗai an ga lafiyarsa. Kafin ma kifi ya shiga, tanki sabo yana buƙatar mako huɗu zuwa shida matata na aiki, don ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya su zauna a cikin soson. Duk mako ina canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. In na famfo ne sai an ɗiga maganin kashe kulorin, in na rijiya ne a bari zafinsa ya yi daidai da na tankin tukuna. Soson kuma a ruwan da aka kwaso daga tankin ake matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba.

Kayan ado ba su ci mini kuɗi ba. 'Yan duwatsun Jos masu santsi da na wanke sosai, ƙaramar tukunyar ƙasa a kwance a kowane gefe don ɓuya, da busasshen ganyen almon, bishiyar nan mai faɗin ganye da yara ke fasa ƙwallonta. Ganyen yana mayar da ruwa kalar shayi, kuma masu kiwon beta a Tailan sun daɗe suna amfani da shi. Furannin roba masu kaifi a guje su, suna yaga fiffike.

Tankin ba shi ne babban kashe kuɗin ba. Hita, matata, famfon iska, murfi da maganin ruwa in aka haɗa sun fi shi kuɗi, kuma wanda ba zai iya sayensu ba gara ya dakata. Mun taso muna jin hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Kifi ba ya kuka balle ka ji, don haka sai ka riƙa duba ma'aunin zafi da idonka kullum.

Zan ba wa wanda ya riga ya mallaki maza biyu shawarar wannan tanki, da sharaɗin baƙin shinge, murfi da hita. Wanda bai sayi kifi ba tukuna, ya sayi ɗaya ya ba shi tankin duka, zai fi samun sauƙi, kifin ma haka. Beta kan yi shekara biyu zuwa huɗu in an kula da shi. Duk ranar da ɗaya daga cikin nawa ya riga ɗan'uwansa tafiya, ba zan sayo wani ba, zan sa a cire shingen in bar wa wanda ya rage lita 45 ɗin gaba ɗaya.